Jinin Maɓalli

Ina tsaka da wanke kwalabe a wurin aiki Yaya ya kira ni, kuma tun daga ganin sunansa na san akwai magana. Yaya ba ya kiran mutum don gaisuwa. Ko dai an yi rasuwa, ko ya karanto wani abu a waya.

"Auta, in kin tashi ki biyo ta gida. Kyanwar Baba tana da ƙanjamau."

"Tana da me?"

"Kin ji ni sarai. Ga abin gwajin nan a gabana, layi biyu."

Ya kashe wayarsa. Haka yake, ya kunna maka wuta ya yi tafiyarsa.

Aikina ke nan, awon jinin dabbobi. Shanu, kaji, karnuka, kyanwoyi, duk abin da ke da jini kuma yake da mai shi, ta teburinmu yake biyowa. Don haka ba sai an yi min bayanin layi biyu ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama kyanwa ta riƙa cin ƙarfin jikinta a hankali, masu son tsorata mutane suka laƙaba mata wannan suna. Ba ta kama mutum. Ko bargo ɗaya kuke rufa da kyanwar, ba ruwanta da kai. Amma je ka gaya wa Yaya haka, mutumin da sai ya wanke sabulu kafin ya wanke hannu, ga kuma matarsa da cikin fari ya kusa shiga watansa.

Baba tela ne, amma tun rasuwar Mama bara ya rufe kekensa da tsohon zane. Yaya ya ɗauko shi daga gidan hayar da muka tashi a ciki, ya ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Abu uku ya zo da su: keken, gwangwanin maɓallai, da kyanwar Mama, wata tsohuwar 'yar rigima mai yagaggen kunne da ake kira Baƙuwa. Mama a tafin hannunta take ba ta abinci, ko mu ba mu samu wannan gatan ba. A gidan Yaya Baƙuwa ta haihu, ɗiya ɗaya ce ta rayu. Ta shayar da ita 'yan makonni, sai bakin uwar ya cika da gyambo, ta rame, ta bi Mama. Baba ya ci gaba da ba 'yar madara da sirinji, ya sa mata suna Maɓalli domin a cikin gwangwanin take barci.

Ita ta tashe shi. Don ya ba ta abinci ya fara ci. Don ta ƙi barin zanen nan ya yaye shi, da ya ga keken kuma sai ya zuba masa mai. Mu 'ya'yansa mun yi wata da watanni muna lallashi ba mu samu ko murmushi ba, wata aba da ba ta kai girman takalmi ba ta zo ta gama aikin. Na ji kishi, wallahi na ji, amma na gode Allah.

Na tarar da Yaya a falo, ya ɗora ɗan robar gwajin a kan takarda, ya ja kujerarsa nesa da shi. Wai ya kai Maɓalli wurin mai asibitin dabbobi na bakin titi a yi mata rigakafi kafin jariri ya zo, shi kuma ya ce bari ya gwada jininta.

Na ce, "Yaya, wannan abin ba cutar yake gani ba, garkuwa yake gani. In cuta ta shiga jiki, jiki yana ƙera mata garkuwa daidai da ita, to ita robar nan ke nema. A babbar kyanwa, in ka ga garkuwa to cutar tana ciki. Amma jinjira a nonon farko take shan garkuwar uwarta, ta yi watanni da ita a jiki ko da cutar ba ta taɓa ta ba."

"Uwar tana da cutar ke nan."

"Da alama."

"Ita 'yar fa?"

"Ko ta gaji cutar, ko garkuwar kawai ta sha. Robar nan ba za ta iya rabewa ba."

"Wato ke ma ba ki sani ba."

"Ban sani ba tukuna. Kuma ko tana da ita, ba ta kama mutum!"

"Haka kuke cewa yau. Gobe ku ce an yi sabon bincike." Ya ɗaga min waya yana nuna wani dogon rubutu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na faɗa a raina, a fili kuwa ban isa ba. Ya ce, "Ba zan shigo da jariri gidan 'ban sani ba tukuna' ba. Ki ɗauke ta ki kai ɗakinki."

Mai gidan da nake haya ko tsuntsu bai yarda a ajiye ba, kuma Yaya ya sani. Ban da haka ma, ba kyanwar ce ke neman ɗaki ba, Baba ne ke buƙatar kyanwar. Na faɗa masa. Ya shafa fuska, na ga shi ma a gajiye yake, tsoro ne ya cika shi ba mugunta ba. Amma bakinsa bai sauya ba.

"Ki auna ta a wurinku. In babu cutar, ta zauna. In ranar da aka haihu ta zo ba ki kawo min tabbaci ba, mai asibitin ya ce akwai allura, ba za ta ji komai ba."

A lokacin ne na lura ƙarar keke ta tsaya a ɗakin Baba. Ban san tun yaushe ba.

Na shiga ɗakinsa. Na fito da allura daga jaka, ya dube ta, ya ɗauko tawul ya naɗe Maɓalli tsaf, ya bar ƙafa ɗaya a waje. Jijiyarta ba ta fi zare kauri ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, Baba ya runtse ido kamar shi aka soka. Abin da na samu ɗan kaɗan ne, na raba shi a 'yan kwalabe biyu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Ka bar min sauran."

Shugabar ɗakin gwajinmu muna kiranta Madam A-Sake, a bayan idonta. Ka yi aiki tun safe, ka kai mata kana murmushi, ta ɗaga tabarau ta ce, "A sake." Washegari na shiga wurinta ina haki, na zayyana mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta miƙo hannu.

"Na gidanku ne?"

"Na Baba ne, Madam."

"To kin gama taɓa shi."

Dokar ɗakin ce, ni kaina na sha karanta wa sababbin ma'aikata ita ina ɗaga hanci: wanda yake da alaƙa da jini ba ya auna shi, domin ido yana ganin abin da zuciya ke so. Ta juya min baya, ta ɓare sunan da na rubuta, ta manna lambar da ban gani ba. Kwalba ɗaya ta sa a injin juyi, ya ware ruwan jinin a sama, ta kai shi firjin ƙanƙara. Ɗayar ta miƙa wa Dogo, abokin aikina mai kula da injin da ke neman cutar ita kanta. Injin yana kama ɗan ɓurɓushin ƙwayar cuta a jini ya yi ta kwafarsa, har ya yi yawan da za a ga layi yana hawa a allon kwamfuta. In layi ya hau, akwai. In ya kwanta, babu.

Sai dai akwai doka ta biyu: ba a kunna inji don jini ɗaya, sai na mako ya taru.

Wayyo, wannan jira! Na kasa zaune na kasa tsaye. Waya ta yi ƙara, in ce haihuwar ce. Na riƙa kiran matar Yaya safe da yamma, "Anti, ya jikin? Ba kya jin komai dai ko?" har ta gaya wa Yaya ashe ƙanwarsa tana sonta haka. Duk wanda ya shigo da kyanwa a kwando sai in tare shi da fara'a, don jininta zai ƙara cika mana layi. Na zubar da kofin shayin Dogo, na sa safar hannu biyu a hannu ɗaya, na bar abincina a cikin motar haya. Dogo ya ce in na ci gaba a haka, ni za a fara aunawa.

Ranar da aka kunna injin na tsaya a bayan kujerarsa ina cin farce. Layuka suka fara tafiya a allon, kowanne da kalarsa. Suka tafi, suka tafi, babu wanda ya ɗaga kai. Dogo ya yi miƙa ya ce, "Kai, yau kowa lafiya lau."

Ban tsaya jin sauran ba. Ai ba sai na san lambar ba, tunda duka a kwance suke. Na fita baranda da gudu na kira Baba.

"Baba, babu! Babu komai a jikinta!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ji ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Mama na da rai, yana kiran Maɓalli ta zo ta ji.

Da na dawo, Madam tana tsaye gaban allon, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ina shaida?" in ji ta.

A kowane gwaji muna sa shaidu biyu. Ɗaya ruwa ne zalla, dole ya kwanta. Ɗaya kuma mu muka zuba masa cutar da hannunmu, dole ya hau, don mu san injin yana gani. Yatsan Madam yana kan wannan na biyun, kuma yana kwance shame-shame tare da sauran.

"Madam, ai nata ma a kwance yake..."

"Makaho ya ce miki bai ga ɓarawo ba, sai ki je ki kwanta? Sinadarin da injin ke aiki da shi ya mutu, ya sha zafi a hanya. A sake."

"Da wane jinin? Ya ƙare, ruwan da ke ƙanƙara kuma ba na wannan injin ba ne!"

"A ɗebo wani. A yi odar sabon sinadari." Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa kika kira?"

Bayan ta fita Dogo ya matso ya rage murya. "Ki bar shi a haka mana. Cutar ba ta kama mutum, wa za a cuta?"

Na juya maganar nan tun daga tasha har ƙofar gidan Yaya, kuma ba zan ce ba ta yi min daɗi ba. Amma na san Yaya, sai ya ce a ba shi Madam a waya. Na kuma san in Maɓalli ta fara ramewa nan gaba, idon Baba a kaina zai sauka. Na shiga na tarar Baba ya sayo kifi, ya sa hula, yana tsaye a falo, wurin da ba ya zama. Yaya ya tare ni da murmushi.

"Baba ya ce an gama?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Gwajin ya lalace. Na yi saurin magana. Sai an sake."

Murna ta koma ciki. Yaya ya ce, "Kin gani ko? Wannan shi ne binciken naku." Baba bai kalle shi ba, ni ya kalla.

"Jinin da na riƙe ta kika ɗiba fa?"

"Ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare," ya maimaita. Ya ɗauki Maɓalli ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, kifin yana nan a leda a kan tebur.

Sinadarin kuwa ya ƙi zuwa. Yau a ce yana hanya, gobe a ce motar ta lalace, jibi wanda ke ɗaukar waya ya tafi hutu. Cikin Anti ya sauka, ta fara tafiya tana dafa bango. Na je ɗibar jini na biyu, Baba ya ce min ta bayan ƙofa, "Ba ta da jinin ɓarna." Na koma, ya ce tana barci. Abincinsa ya koma dawowa kicin yadda aka kai shi. Amma keken bai tsaya ba, tun safe yana ƙara har yamma, kuma babu wanda ya kawo masa ɗinki.

Wata ranar Asabar ya fita alwala, na faɗa ɗakin. A kan keken akwai jaka ta yadi mai kauri, da madauri na ratayawa, gindinta an sa kwali an bi da soso. Ta sama kuma ya jera mata gidajen maɓalli, zagaye, kowanne an bi bakinsa da zare tsaf, amma babu maɓalli ko ɗaya. Na daɗe ina juya ta kafin na gane ƙofofin iska ne. Na leƙa ƙarƙashin gado, ga tsohuwar jakar tafiyarsa a cike, an zuge ta.

Ya shigo ya same ni da ita a hannu.

"Baba, ina za ka?"

"Na ce miki zan je wani wuri ne?"

"Gidanmu an zuba wasu. Abokanka rabi sun rasu. Ina za ka da ciwon gwiwa da kyanwa a jaka?"

Ya zauna a bakin gado ya fara warware hannun rigarsa a hankali. "Gidansa ne, Auta. Ɗansa ne. Yana da gaskiyarsa. Ni dai ba zan tsaya in ga an fita da ita ba, na riga na ga an fita da biyu."

Sai kuka ya zo min, da haushi a haɗe, haushin kaina da na Yaya da na motar da ta lalace. Na durƙusa na ce, "Don girman Allah ka ba ni ƙafarta sau ɗaya. In wannan ma ya lalace, ni zan riƙe maka jakar."

Ya daɗe yana kallon Maɓalli tana kokawa da igiyar keke. Sannan ya miƙa hannu ya jawo tawul.

Safiyar da sinadarin ya iso, ina sa farar riga waya ta yi ƙara. Yaya ne. "Mun taho asibiti, ta fara. Auta, in an sallame mu, kin san maganarmu." Ban gama ajiye wayar ba mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana nemana. Na fita na ga Baba a kan bencin baranda, cikin rigarsa mai guga, jakar tafiya a ƙafarsa, ɗayar a cinya, ɗan hanci yana leƙowa ta gidan maɓalli.

"Nan ya fi kusa da amsa," in ji shi. "Je ki yi aikinki."

Wane aiki? Madam ta ce ko fifet, ɗan bututun da muke ɗibar ruwa da shi, kada in taɓa. Ta ba Dogo sabon jinin ya sa a injinsa tare da na sauran kyanwoyi. Ita kuma ta ciro tsohon ruwan jinin nan daga ƙanƙara, ta ce tunda Allah ya sa muna da na da da na yanzu, za ta auna yawan garkuwar gefe da gefe. Ta ɗauko farantin gwaji, ɗan faranti na roba mai jerin ƙananan ramuka. Tsohon jini a layi ɗaya, sabo a layin ƙasa. Ramin farko da ƙarfinsa, na biyu a sirka shi rabi da ruwa, na uku a sake sirkawa, haka har ƙarshen layi. Inda garkuwa take, kala za ta fito. Mai garkuwa da yawa, kalarsa takan yi nisa duk da sirki. Mai kaɗan, tun kusa take ƙarewa.

Aikin faranti jira ne. A zuba, a rufe, a jira. A wanke, a zuba wani, a jira. Ni kuwa na zama ƙwallo tsakanin bayan Dogo, bencin Baba da wayar Yaya. "Har yanzu," in ji Yaya. "Har yanzu," in ce wa Baba. Na kawo masa shayi ya huce a gefensa. Maɓalli ta yi kuka ya sa yatsa ta ramin jakar. Da na buɗe ƙofa karo na ban-san-nawa ba, Madam ta ce ba tare da ta ɗago ba, "In kika sake kaɗa min iska a kan faranti, a firji zan kulle ki."

Dogo ne ya fara kira. Wannan karon ban kalli komai ba sai shaida. Layinsa ya tafi a kwance, ya tafi, har na fara salati, sai ya ɗaga kai ya hau sama kamar hayaƙi. Ruwa zalla yana kwance. Injin yana gani. Amma wasu layuka biyu ma sun hau tare da shi, kuma ban san lambar Maɓalli ba.

Madam ta cire safar hannu, ta zo a hankali kamar ba ita ake jira ba. Ta duba shaidar farko, ta duba ta biyu. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani layi shuɗi da ke kwance a ƙasa.

"Wannan ne naku."

Na riƙe kujerar Dogo. Na juya zan ruga, ta ce, "Tsaya. Ba kya koyon darasi ne?" Ta koma kan faranti, ramukan sun yi shuɗi, ta bi su da ɗigon ƙarshe suka juye ruwan ɗorawa. Ta sa a na'urar karatu, ta duba shaidun nan ma, ta gyaɗa kai. Ko ba na'ura ido ya gani. Layin sama, tsohon jini, kala ta yi nisa har kusan ƙarshe. Layin ƙasa, tun a rami na uku ta dushe.

"Cutar ba ta nan, garkuwar kuma tana fita, ta aro ce. In da jikinta ke ƙera ta, da ba ta ragu ba." Ta gyara tabarau. "In ta cika wata shida a kawo ta a sake."

Dariya ta ƙwace min da hawaye tare. Madam ta leƙa baranda ta gilashin ƙofa, ta ga Baba da jakunkunansa biyu. Ba a fita da faranti daga ɗakin, ba a kuma shigo da baƙo. Sai ta ɗauki farantin ta kai jikin gilashin ta riƙe, ta ce min, "Je ki nuna masa."

Baba ya tashi da ƙyar ya matso. Na nuna masa layin sama da na ƙasa, na yi bayani ina haɗa kalmomi, na ce babu cutar, wannan karon da shaida. Ya gyaɗa kai, amma idonsa bai bar layin sama ba.

"Wannan kalar, ta uwarta ce?"

"Eh, Baba. Abin da ta sha a nono ne."

"Na Baƙuwa ke nan."

"Eh."

"Kuma yana fita daga jikinta."

"Shi ne abin da muke so, Baba. Nan da 'yan watanni ba za a ga komai ba."

Ni ina ta murna, sai yanzu na ji abin da na faɗa. Ya ce a hankali, "Mamanku a tafin hannunta take ba Baƙuwa abinci." Ya ɗaga kai ya dubi Madam ta gilashi. "In kun gama da shi, za a iya ba ni?"

Na ce ba a bayarwa, ƙonawa ake yi, kuma ko an ba shi kalar ba ta kwana. Bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da 'yan ƙananan zarurruka, tela ba ya rabuwa da su. Ya kara ɗaya a jikin gilashin daidai ramin farko, ya girgiza kai. Ya kara wani. Na uku ya tsaya a kai, ya matsar da shi gefen haske, ya sake dubawa. Madam A-Sake, wadda ba ta jiran kowa, tana riƙe da faranti ba ta motsa ba har ya gama. Ya ciji zaren ya yanke, ya naɗe shi a maɓallin rigarsa na sama.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne, yana kuka kamar yaro. "Mace ce, Auta! Lafiya lau, duk su biyun!" Na yi masa barka, na gaya masa sakamako, na ce ga Madam in yana so. Ya ja hanci ya ce, "Bar shi. Ta zauna. Amma ban da ɗakin jaririya." Sannan ya ce, "Kira min Baba, wayarsa ba ta shiga, yana gida shi kaɗai."

"Ga shi nan kusa da ni," na ce, ban ƙara komai ba.

Baba ya karɓa ya saurara, yana ta cewa masha Allah. Sannan ya ce, "An sa mata nono? To ka ce su bar ta ta sha na farkon nan sosai, kada a hana ta." Ya miƙo min wayar, ya rataya jakar Maɓalli a kafaɗa. Na sunkuya na ɗauki jakar tafiyar, na ji nauyinta, har da gwangwanin maɓallai a ciki yana ƙara.

"Mu fara biyawa ta gida," in ji shi. "Ki mayar da ita ƙarƙashin gado kafin yayanki ya dawo."